Sharhi: Jagorar da ta karanta mana duwatsun Afisa

Ɗana da ke karatu a Izmir ne ya dage sai mun ɗauki jagora. Ni da niyyata mu karɓi 'yar na'urar nan mai yi wa baƙi bayani da ake maƙalawa a kunne, don ta fi araha nesa ba kusa ba. Ya ce, "Baba, kai da ba ka iya wuce rubutu ba ka tsaya ba, na'ura ba za ta amsa maka tambaya ba." Na bi shawararsa, kuma ban yi da-na-sani ba.

Kufan Afisa, tsohon birni na zamanin Girkawa da Rumawa, yana gefen garin Selcuk a Turkiyya, kimanin kilomita 80 kudu da Izmir. Jagorar tamu mace ce mai matsakaicin shekaru, da katin izininta rataye a wuya, kuma ilimin kayan tarihi ta karanta a jami'a. Ta ƙofar sama ta shigar da mu don mu riƙa gangarowa. Da farko bayanin da kowa ke yi take yi: nan majalisa, can gidan wanka. Da ta lura ina tsugunawa gaban duwatsu masu rubutu, sai ta sauya salo. Ta nuna mini yadda Girkawa ke jero manyan baƙaƙe ba tazara tsakanin kalma da kalma, Rumawa kuwa gutsure kalmomi suke yi: F kaɗai na nufin "ɗan wane", COS kuma babban muƙami ne a mulkin Rum.

Inda kuɗina ya halatta gare ta shi ne ƙofar Mazeyus da Mitiridatis, wata ƙofa mai baki uku da ke shiga kasuwar birnin. Bayi biyu ne na gidan Sarkin Rum Augustus da aka 'yanta, suka yi arziki, suka gina ta don godiya. Ta ja mu baya, ta ce mu ɗaga kai. Dama da hagu rubutun Latin ne, dogo, cike da kirari: Augustus da matarsa Libiya, sai surukinsa Agiriffa da matarsa Juliya 'yar Augustus, mazan kowanne da jerin muƙamansa. Daga adadin muƙaman Augustus ne masana suka gane shekarar ginin, wato 4 zuwa 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A tsakiya kuwa, ɗan gajeren layi ne na Girkanci, ba kirari ko ɗaya: Mazeyus da Mitiridatis, ga iyayen gidansu da kuma jama'ar gari. Wannan "jama'ar gari" babu ita a Latin ɗin. Da harshen masu mulki suka yi wa masu mulki fadanci, da harshen kasuwa suka gaisa da maƙwabta. Na daɗe tsaye a wurin. Ashe ba fassarar juna ba ne rubutun biyu, kowanne da wanda ake so ya ji.

Sai ta ce in duba sunan Agiriffa da kyau. Inda ya kamata a sa IMP, gutsuren laƙabin babban kwamandan yaƙi, an sa IMB. Tuntuɓen hannu ne na ma'aikaci, ko kuwa yadda kunnensa ya ji kalmar, ga shi ya haura shekara dubu biyu a sama yana kallon mutane. A jikin ƙofar kuma ta nuna mana wani ƙaramin rubutun Girkanci da aka karta, mai gargaɗin duk wanda ya yi fitsari a wurin da fushin gunkiyarsu Hekati. Ɗana ya dube ni ya ce, "Baba, irin na katangar layinmu." Nan take mutanen suka daina zama tarihi a idona, suka koma 'yan unguwa.

Ɗakin karatu na Selsus, wanda kowa ke ɗaukar hoto a gabansa, yana manne da ƙofar. Ɗansa Akila ne ya gina masa a farkon ƙarni na 2 miladiyya, kabarin uban kuma yana ƙarƙashin ginin. An ce ya ɗauki naɗaɗɗun littattafai wajen 12,000. A gefe biyu na matakalar an rubuta muƙaman da Selsus ya riƙe har ya zama gwamnan lardin Asiya, ɗaya da Latin, ɗaya da Girkanci. Ta sa na haɗa baƙaƙen sunan Sofiya, wato hikima, da kaina a ƙarƙashin ɗaya daga mutum-mutumi huɗu na gaban ginin. Ba ta ɓoye mana ba cewa kwafi ne, na ainihin suna Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma fuskar ginin ma tayar da ita aka yi daga ɓaraguzai tsakanin 1970 da 1978. Masanan Ostiriya ke haƙa a wurin tun 1895.

Abu ɗaya ya sosa mini rai. Mun yi da ita za mu shiga gidajen attajirai da ke kan gangare, waɗanda tikitinsu daban ne. Sai ta ce lokaci ya ƙure, amma aka samu kusan awa guda ta kai mu shagon darduma, ana ta shimfiɗa mana kaya da shayi alhali ba saye ya kawo mu ba. Babban dandalin wasan kwaikwayo mai cin mutum kusan 25,000 ma a gurguje muka leƙa shi.

Duk da haka zan sake ɗaukarta. Wanda zai je, ya tambayi jagora tun kafin a yi ciniki ko yana karanta Girkanci da Latin, don ba kowa ne ya iya ba, ya kuma faɗa a fili ba ya son zuwa shago. A shiga da sassafe, a riƙe ruwa da hula, domin inuwa ta yi ƙaranci kuma marmarar titin tana da santsi.