Burrow: yana kama mai ɗiban da ya yi baya a Kafka, dalilin kuwa sai an buɗe kundi

Duk mai riƙe da Kafka, manhajar da ke jera saƙonni a layi don wasu manhajoji su ɗiba, a kamfanin tura kuɗi a Yaba ko Lekki ya san halin ƙarshen wata. Albashi ya shiga, 'yan uwanmu masu POS a Agege da Mile 12 ba su da lokacin shan ruwa, sai ƙorafi ya fara shigowa: an cire kuɗi, alat shiru. Yawanci saƙon bai ɓata ba. Yana nan a layi, manhajar da ke ɗibansa, wato mai ɗiba, ita ce bashi ya hau kanta. Don kama irin wannan aka ƙera manhajar sa ido mai suna Burrow, kuma a ganinmu ya cancanci zama a sabar kowa, muddin an san iyakarsa.

LinkedIn ce ta sake shi kyauta a 2015, an rubuta shi da harshen Go. Kafka na zuwa da nasa abin dubawa, kafka-consumer-groups.sh, mai nuna inda mai ɗiba ya tsaya, inda saƙon ƙarshe yake, da tazarar da ke tsakani, wato bashin. Hoton lokaci guda ke nan. Ka ga bashin saƙo 40,000, to raguwa yake ko ƙaruwa? Ba za ka sani ba. Burrow kuwa yana karanta __consumer_offsets, inda kowane mai ɗiba ke sa hannu a kan abin da ya gama, ya riƙe sa hannu 10 na ƙarshe na kowane kaso (Kafka na raba layin saƙonni kashi-kashi), ya yi hukunci da yadda suke tafiya. Idan bashin ya taɓa sauka sifili a cikinsu, lafiya lau. Idan ana ci gaba amma bashin bai ragu ba ko sau ɗaya, sai ya ce WARN. Idan ana ta sa hannu a lamba ɗaya alhali akwai bashi, STALL. Idan sa hannun ya ɗauke gaba ɗaya, STOP. Idan lamba ta koma baya, REWIND. Ba sai ka ƙayyade masa iyakar bashi ba, kuma wannan kaɗai ya rage ƙararrawar banza da ke tada mutum tsakar dare.

Girka shi ba wuya: fayil ɗaya na TOML, sai ka tambaye shi ta ƙofa ta 8000, a /v3/kafka/, ka bi da sunan rukunin sabobi da na masu ɗiba.

Daga nan aikinsa ya ƙare, naka ya fara, domin Burrow ba ya karanta kundin da manhaja ke rubuta abin da ya same ta. Amfaninsa shi ne ya ba ka sunan kaso da lokaci, ka san shafin da za ka buɗe.

In ya ce STOP, ko bashin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, nemi wannan layin a kundin mai ɗiba: "consumer poll timeout has expired". Sau da yawa za ka ga CommitFailedException a kusa da shi. Lissafin a fili yake. Kafka na miƙa saƙo har 500 a ɗiba guda, wato max.poll.records, ya ba ka daƙiƙa 300 ka dawo, wato max.poll.interval.ms. Kowane saƙo na da milisakan 600 ke nan. A ce kowanne sai ya jira amsar banki, ranar kuma bankin na ɗaukar milisakan 700: 500 sau 700 ya ba da daƙiƙa 350. An wuce wa'adi. Mai ɗiban ya fita daga rukunin masu ɗiban da ke raba aikin, sa hannunsa bai karɓu ba, aka miƙa kasonsa ga wani, shi ma ya faro daga saƙonnin nan 500, shi ma ya faɗa ramin. Injuna na ta aiki, bashi na ta hawa, kuma idan manhajar ba ta gane saƙon da ta riga ta yi, kwastoma na iya samun alat biyu. Ƙara masu ɗiba ba ya maganin wannan. A rage max.poll.records zuwa 100, a kuma sa wa kiran banki wa'adin yankewa.

Kada a rikita wannan da mutuwar bugun zuciya, wato ɗaukewar siginar da mai ɗiba ke aika wa Kafka a kai a kai don nuna yana raye. Ita a kundin dillali ake ganinta, wato sabar Kafka kanta: layin "Preparing to rebalance group", da dalili a ƙarshensa mai cewa "heartbeat expiration". Nan mai ɗiban ne ya yi shiru fiye da session.timeout.ms, daƙiƙa 45 tun daga Kafka 3.0, a da kuwa 10. Sai a duba ko Java ta daskare tana sharar ma'adana, ko an kashe kwantenar da manhajar ke gudana a ciki saboda ƙarancin ma'adana, ko layin intanet tsakanin Legas da sabar waje ya yanke. Ka lura da lambar "generation" a layin, mai ƙirga sau nawa aka sake raba kaso tsakanin masu ɗiba. Idan tana ƙaruwa kowane 'yan mintuna, rukunin ya fi ɓata lokaci wajen sake rabo a kan ɗiba. Saitin CooperativeStickyAssignor da na group.instance.id suna rage wannan ɓarnar.

STALL a kaso ɗaya tak, sauran lafiya, galibi gurɓataccen saƙo ne: za ka ga kuskure iri ɗaya yana maimaituwa a lamba ɗaya. WARN a kaso ɗaya kuwa alamar babban ɗan kasuwa ne da duk cinikinsa ke faɗawa wuri guda saboda makullinsa ɗaya, wato alamar da Kafka ke bi ya zaɓa wa saƙo kaso, kamar dilan raguna ana jibi Sallah. Kaso ɗaya mai ɗiba ɗaya ke riƙe shi a rukuni, don haka sai an gyara makullin.

Layin da ya fi ban tsoro shi ne mai cewa "out of range". Kafka na ajiye saƙo awa 168 in ba a canja ba. Wanda ya yi baya har aka share inda ya tsaya, saitin auto.offset.reset zai iya cilla shi ƙarshen layi, bashi ya koma sifili, Burrow ya ce OK, alhali an tsallake saƙonni. Wannan aibi ne na gaske, kuma dole a sa wa layin ƙararrawarsa daban.

Akwai wasu. Sashensa mai aika imel da sanarwa yana buƙatar ZooKeeper, manhajar daidaita sabobi, ga shi Kafka 4.0 ta 2025 ta rabu da ZooKeeper kwata-kwata. Ya fi sauƙi a bar Prometheus, manhajar tattara alƙaluma da buga ƙararrawa, ya riƙa ɗaukar alƙaluman Burrow. Burrow ba ya ganin manhajar da ke ajiye matsayinta a wajen Kafka, irin Spark Structured Streaming. Ba shi da allon kallo nasa. Lokacinsa kuma da milisakan yake bayarwa, sai ka juya shi, sannan ka tuna yawancin sabobi na kan agogon UTC, Legas na gaba da awa ɗaya. Mai POS ya ce maka ƙarfe 9 na safe abin ya faru, to layukan ƙarfe 8 za ka buɗe.