Oktofus ko Kifi: Wanne Za Ka Saya Idan Kana Gudun Gubar Teku?

Mai sayen kayan teku ya saba duba idon kifi, ya shinshina, ya danna tsoka ya ga ko za ta dawo. Wannan zai gaya maka ko kayan sabo ne ko ya kwana, amma bai isa ya tona gubar masana'antu ba. Sinadarai masu guba irin su PCB, dayoksin da maganin ƙwari DDT ba sa wari a jikin nama, ba sa canza launinsa, kuma dahuwa ba ta lalata su. An ƙulla Yarjejeniyar Stockholm a 2001 don hana irin waɗannan sinadarai ko taƙaita su, ta fara aiki a 2004, sai dai abin da aka riga aka zubar yana nan kwance cikin lakar bakin teku. PCB, wanda aka daɗe ana zubawa a taransifoma, yakan yi shekaru gommai bai ruɓe ba.

Halinsu guda ne: kitse suke bi. Ƙaramar halitta ta haɗiye su, babba ta cinye ta, a kowane mataki gubar na ƙara taruwa. Saboda haka abu uku ne abin dubawa: yawan kitsen dabbar, tsawon rayuwarta, da ruwan da ta zauna.

Ta fuskar biyun farko, oktofus, dabbar nan mai hannaye takwas, ya yi sa'a. Wanda aka fi sayarwa ba ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu a duniya, kuma namansa kusan babu kitse. Matsalarsa mazauni ce. A ƙasan ruwa kusa da gaɓa yake, yana cin ƙaguwa da kawa, su kuma a cikin laka suke kiwo. Yawancin abin da ya kwasa yana taruwa ne a wata gaɓa mai aikin hanta da ke cikin buhun kansa. Nan ma ƙarfen kadmiyam ke taruwa, shi ya sa Tarayyar Turai take auna iyakarta ta miligiram 1 a kowane kilo a kan naman da aka cire wa kayan ciki. To, idan an ajiye maka gyararre da wanda ba a feɗe ba, ɗauki gyararren. In kuwa cikakken ka samu, ka juya buhun, ka kwashe kayan cikin duka ka zubar, kada ka sa su a romo don neman ɗanɗano.

Daskararre ko sabo? Game da wannan guba babu bambanci, ƙanƙara ba ta rage ta. Amma a ganina daskararre mai takarda a jiki ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, domin takardar takan nuna yankin da aka kama shi bisa lambobin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya: 34 ita ce gabashin tsakiyar Atlantika, inda Maroko da Muritaniya ke kamun oktofus mai yawa, 37 kuma Bahar Rum. Lambar ba shaidar tsabta ba ce, yankunan na da faɗi ƙwarai, amma aƙalla akwai wanda za a tuhuma. Wanda aka kamo daf da tashar jiragen ruwa ko bakin kogin da ya ratsa masana'antu, ko da araha ne, bar shi.

Kifi mai maiƙo shi ne mai wuyar sha'ani, domin maiƙon da ke amfanar zuciya shi ne kuma ma'ajiyar gubar. A Suwidin hukuma na shawartar yara da mata masu shekarun haihuwa kada su ci kifin herin ko salmon na Tekun Baltik fiye da sau 2 zuwa 3 a shekara, saboda dayoksin da PCB. Wannan ba dalilin ƙaurace wa kifi ba ne. Ƙanana masu gajeren rai irin su sardin daga buɗaɗɗen teku sun fi tsofaffin manya masu cin 'yan uwansu. Cire fata da kitsen ciki, a gasa yadda man zai tsiyaye, yana rage wani kaso.

Kawa da danginta tace ruwa suke yi, kuma jikinsu ba ya iya narkar da sinadaran PAH na ɗanyen mai da sauri kamar kifi. Lokacin da jirgin dakon mai Prestige ya nutse a gaɓar Galisiya ta Sifen a 2002, sai da aka hana kamu a yankin na tsawon watanni. Kada ka saye su sai daga ruwan da hukuma ke sa wa ido. Kyafaffen kifi ma kan ɗauki PAH daga hayaƙi, musamman wanda ya yi baƙi ƙirin.

Idan akwai mai juna biyu ko ƙananan yara a gida, abin da zan zaɓa shi ne gyararren oktofus mai takardar asali, jatan lande, da ƙananan kifaye, ana sassauyawa, kada a dawwama kan nau'i ɗaya daga ruwa ɗaya. Gubar na ratsawa zuwa ɗan tayi, tana kuma bi ta nono, don haka su ne suka fi cancantar a tsaya a tambayi mai sayarwa inda aka kamo kayansa.