Kwana tara a wani otal a tsakiyar Guangzhou

Tun da na dawo, 'yan uwa mata da muke harkar jaka da takalmi tare suke ta tambayata inda muka sauka a wannan karon, ganin ban dawo ina kukan masauki ba kamar bara. To ga bayanin a wuri guda, duk mai shirin tafiya ta karanta.

Ni da yayata muka je a watan Oktoba. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka filin jirgin Baiyun na Guangzhou, a ƙasar Chana, da yamma. Otal ɗin yana gundumar Yuexiu, a wani lungu da ya ɓalle daga babban titin Huanshi, tsakanin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Xiaobei da ta Taojin, duka a kan layi na 5. Na tsaka-tsaki ne. Bai kama ƙafar manya irin Garden Hotel da ke can gaba kaɗan ba, amma ya yi wa ƙananan masaukan da muka saba cusa kanmu a ciki nisa. Ba zan kama sunansa ba, tunda akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne, kuma irinsa suna da yawa a wannan yanki.

Ɗaki mai gado biyu mun kama shi a kan yuan 290, kuɗin Chana, kowane dare. Kwana ukun ƙarshe sun faɗa cikin baje kolin Canton Fair, wanda ake buɗewa ranar 15 ga Oktoba, sai kuɗin ya haura zuwa 560. Ba su ɓoye mana ba, tun wajen kama ɗakin aka nuna mana, kuma haka garin gaba ɗaya yake yi a watan Afrilu da Oktoba. Wadda ba baje kolin ne ya kai ta ba, kasuwa kawai za ta shiga, ta daure ta kauce wa waɗannan makonni.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne teburin karɓar baƙi. Bara sai da muka zaga wuri uku da akwatuna cikin dare, ko'ina a kalli fasfonmu a girgiza kai. A nan kuwa yarinyar da ke kan tebur ta karɓi fasfo, ta duba biza da hatimin shigowa, ta ɗauki hotonmu da wata ƙaramar kyamara, cikin minti goma an gama. Dokar Chana ce baƙo ya yi rajistar inda ya kwana cikin awa 24, kuma idan a otal kike, su ne za su yi miki. Na roƙa ta buga mana takardar shaidar rajistar, ta buga, na ninke ta cikin fasfo. A yankin Xiaobei ana yawan duba takardu, don haka wannan 'yar takarda ta fi min komai daraja a jakata. Sun karɓi yuan 200 na ajiya, suka ba mu rasit, ranar tafiya suka mayar mana cif.

Sai ɗakin farko, wanda har yanzu idan na tuna shi raina yakan sosu. Hawa na uku ne, fes da shi, zanen gado fari ƙal, amma babu taga. Akwai labule har ƙasa, na ja shi don in ga gari, sai na ga bango. Ashe a wajen kama ɗaki an rubuta da ƙananan haruffa cewa wannan rukunin ba shi da taga, shi ya sa ya fi araha, mu kuma ba mu lura ba. Ga warin tsohuwar sigari da ya kama bango, ga shi turaren wutar da Yaya ta zo da shi ma ba mu yi gigin kunnawa ba saboda na'urar gano hayaƙi da ke saman rufi. Gajiyar hanya da bambancin awa bakwai tsakaninmu da gida suka haɗu, muka kwanta. Na farka cikin duhu ina tsammanin ko asuba ba ta yi ba, na duba waya na ga ƙarfe tara da rabi na safe. Yaya ta zauna bakin gado ta yi shiru, can ta ce, "Ke, ni ba zan ƙara kwana inda ban san dare da rana ba. Sallar asuba fa muka rasa."

Muka sauka ƙasa. Yarinyar ba ta jin Turanci sosai, ni ma nawa na kasuwa ne, sai ta ɗauko wayarta, ta yi magana da yarensu wayar ta fassara, ni ma in yi ta fassara mata. Da haka muka fahimci juna. Ta mayar da mu hawa na goma sha ɗaya, hawan da ba a shan taba, da ƙarin yuan 40 a dare, wanda ya kai mu 290 ɗin da na faɗa. Wannan ƙarin shi ne kuɗin da na fi jin daɗin biya a duk tafiyar. Taga babba, ana hango gadar sama da motoci ke bi ba dare ba rana, da dogayen gine-gine bayanta. Ƙarar titi tana shigowa kaɗan, amma da an rufe gilashi an kunna esi sai ta koma kamar iska. Wanda ya saba da hayaniyar Kantin Kwari wannan ba za ta hana shi barci ba.

Katifar tana da tauri, haka nasu suke, kuma bayan yinin zagayen kasuwa bayana ya gode mata. Ruwan zafi ba ya yankewa, wuta ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba. Katin buɗe ƙofa shi ake zurawa a wani rami kusa da ƙofar kafin fitilu su kama, shi kuma ake nuna wa lif kafin ya kai ki hawanki, abin da ya sa muka ji mun aminta mu mata biyu. Banɗaki na zama ne, amma babu abin tsarki sai takarda, don haka kada ki bar butarki a gida. Tamu ƙaramar ta roba ce, ta yi mana aikin tsarki da alwala duka. Ruwan famfo ba a shansa sai an tafasa. Kullum suna ajiye gora biyu kyauta, akwai kuma butar lantarki ta dafa shayi. Babu alamar alƙibla a ɗakin, da waya muka nemo ta. Abin ya ba ni wani iri a zuciya ranar farko, mu da muka tashi muna cewa "kalli gabas", ga mu mun juya muna kallon yamma, inda rana ke faɗuwa bayan gine-ginen, nan ne wajen Ka'aba.

Karin kumallonsu ban ba shi maki ba. Sau ɗaya muka leƙa: kunun shinkafa marar sukari, dafaffen ƙwai, masara, dankali, da wasu dunƙulallun fulawa da aka turara masu nama a ciki. Na tambaya da waya wane nama ne, aka ce alade. Muka ɗauki ƙwai da masara muka fito, ba mu sake komawa ba. Amma unguwar ta rufa wa otal ɗin asiri. Taku kaɗan daga ƙofa akwai shagon taliyar Lanzhou na Musulmin Chana, masu farar hula, da koren allo mai rubutun halal. A gabanki za a ja taliyar da hannu a jefa a romon naman sa. Idan aka gangara Xiaobei kuwa ga gasasshen naman rago da gurasar mutanen Xinjiang, ga gidajen abincin Larabawa da Turkawa, ga na 'yan Afirka inda za ki ci shinkafa da miya ki ji kamar kina gida. Yajinmu da garin rogo da muka taho da su sun taimaka da daddare. Kilishi kam kada a ɗauko, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga.

Wurin da otal ɗin yake shi ne rabin kuɗinsa. Tasha ɗaya ce daga Xiaobei zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, inda kasuwar tufafi ta Baima da kasuwannin takalma na titin Zhanxi suke, daga nan kuma kasuwannin jaka na Sanyuanli ba nisa. Ranar Juma'a muka je masallacin Xianxian kusa da lambun Yuexiu, inda ake cewa kabarin Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake. Jama'a maƙil, baƙi da farare, har na ji ana gaisawa da Hausa a bayana.

Intanet ɗinsu yana da ƙarfi, sai dai WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a ƙasar gaba ɗaya, ba laifin otal ba ne. Ki shirya wayarki tun daga gida, ki sauke WeChat, manhajarsu ta aika saƙo, domin da shi duk masu shaguna suke magana.

Abu biyu suka sa zan koma. Na farko, kaya. Masu shaguna sun riƙa aiko mana da kwalaye, na ɗauka za a yi mana tsiya, sai ga shi sun ware mana gefe a ɗakin ajiya na ƙasa, suna liƙa lambar ɗakinmu a kan kowane kwali, har ranar da ɗan uwanmu ɗan Maraɗi mai harkar kago ya zo da mota ya kwashe. Ko sisi ba su caje mu ba. Akwai kuma injin wanki da na busarwa kyauta a hawa na biyu.

Na biyu, daren da zazzaɓi ya rufe Yaya. Wajen ƙarfe ɗaya na sauka a rikice, na tarar da yarinyar nan ita kaɗai a tebur. Na rubuta mata abin da ke faruwa. Ta tambaya ko akwai maganin da jikin Yaya ba ya karɓa, ta yi odar maganin zazzaɓi da ma'aunin zafin jiki a wayarta, na ba ta kuɗin a hannu. Ta rubuta min sunan asibiti mafi kusa da rubutunsu a takarda, ta ce in zafin ya ƙaru in nuna wa mai tasi. Ba a yi minti arba'in ba wayar ɗaki ta yi ƙara, na buɗe ƙofa na ga ɗan mutum-mutumin nan mai taya da ke kai saƙo ɗakuna, murfinsa ya buɗe, ga magani a ciki. Da gari ya waye, kafin ta tashi daga aiki, sai da ta hawo da kanta da kofin ruwan zafi da citta, ta tsaya a bakin ƙofa tana nuna Yaya da hannu tana tambaya da ido. Yaya ta ɗago daga kan filo ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ban fassara mata ba, ita ma ba ta ɗauko wayar ba, ta ɗan rusuna ta ja mana ƙofar.