Dunƙulallen naman kaza na daji ko na kanti: wanne ya cancanci kuɗinku?

Ga 'yan uwa mazauna Ingila da Amurka, daga watan Agusta zuwa Oktoba za ku riƙa ganin wani farin naman kaza a kasuwannin manoma, dunƙulalle, ba shi da kara ba shi da laima. Masana suna kiran babbansa Calvatia gigantea. A makiyaya da gefen daji yake fitowa, faɗinsa kan kai santimita 50, kuma ba a nomansa don kasuwa, sai dai a tsinto. Idan kuka samu mai kyau, shi nake ba ku shawara ku ɗauka.

Dalilina na farko tukunya ce. Tsokarsa kamar awara take, tana yankuwa fala-fala, tana shan yaji da man shanu, guda ɗaya kuma ya ishi gida. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyensa ruwa ne, amma abin da ya rage furotin ne mai yawa da ɗan kitse kaɗan, ga sinadarin potasiyam. Yana kuma ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, musamman dangin fenol. Sai dai kada wani ya ce muku shi ne sarki a wannan fanni. Binciken Jami'ar Jihar Pennsylvania na 2017 a kan ire-ire 13 ya nuna porcini, wani naman kaza na daji mai laima, shi ne kan gaba wajen sinadaran agotayonin da gulutatayon, waɗanda su ma ke kare ƙwayoyin jiki, amma tsadarsa ta sa ba na kullum ba ne.

Ƙananan farare na kanti ba su da laifi, ba su da armashi. Na gwangwani gishiri ne da ruwa. Mai kama da kunne da ake nomawa a kan dusar katako ya fi su, shi za ku saya idan lokacin na daji ya wuce.

Yanzu ga inda nake son ku natsu. Kada ku biya kuɗi sai mai sayarwa ya tsaga shi a gabanku, daga sama har ƙasa. Dole cikin ya zama fari fat, bai ɗaya, babu ɗigo babu zane. Wani mai tebur ya taɓa sayar mini da wanda ya goge bayansa tas, ya rantse a ranar aka tsinto, na isa gida na tarar cikin ya fara rawaya yana wari. Irin wannan yana ɓata ciki, kuma wanda ya ƙi yanka muku ya san abin da yake ɓoyewa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne masu kama da shi. Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya, yana fitowa a dunƙule tun yana ƙarami. Idan aka tsaga za a ga siffar laima da kara a ciki. Dafuwa ba ta kashe gubarsa, alamun ciwo sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin ta kama hanyar hanta. Akwai kuma Scleroderma, mai kaurin fata da tauri, cikinsa na komawa baƙi-baƙi, yana sa amai da gudawa. Shi ya sa ban yarda da ƙanana ba idan an tara su a kwando.

Ku tambayi wurin da aka tsinto shi, domin yana zuƙar dalma da makuri, ƙarafa masu guba, daga ƙasa. Na bakin titi ko kusa da masana'anta ku bar musu kayansu. Wanda ya tsufa har yana fitar da ƙura kada ku shaƙa. A 1994 matasa 8 a jihar Wisconsin sun kamu da ciwon huhu bayan sun shaƙi irin wannan ƙura.

Masu tallar garinsa a intanet da sunan maganin kansa su ne suka fi ɓata mini rai. Gaskiya ne an taɓa ciro wani sinadari, kalbasin, daga jikinsa, aka gwada a kan dabbobi, amma bai zama maganin mutane ba. Gari kuwa ba ya tsaguwa balle ku duba cikinsa. Ku sayi ɗanye, ku sa a firji, ku dafa shi sosai cikin kwana biyu, kuma ranar farko ku ci kaɗan.