Tsohon agogo mai awon daƙiƙa: Daytona, Speedmaster, Heuer ko Seiko, wanne za ka zuba wa kuɗi?

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin agogunan nan masu maballi biyu a gefe, waɗanda ake ce wa kuronogiraf, tambayar da yake fara yi kusan ɗaya ce, wanne zan saya wanda farashinsa ba zai faɗi ba? Toh gaskiya babu mai iya yi maka wannan alkawari. Amma akwai abu ɗaya da in ka gane shi tun da wuri zai rage maka asara sosai, shi ne a wannan kasuwa kuɗin ba a cikin inji yake ba, yana kan fuskar agogon ne, da sunan da aka rubuta a kanta, da labarin da ke biye da shi, sannan uwa uba ko kayan jikinsa duk na asali ne ko an taɓa canza wani abu.

Duba injin Valjoux 72 kawai ka gani. Inji ne da ake yi wa wani, wato a murɗa shi, da hannu, kuma shi Rolex ta ɗauka ta ɗan yi masa gyare-gyare ta sa a Daytona tun daga 1963 har zuwa ƙarshen shekarun 1980. Shi ɗin dai ne a cikin Heuer Carrera na farko-farko, shi ne a Universal Genève Compax da ake wa laƙabi da Nina Rindt, har Enicar Sherpa Graph shi ke ciki. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma tazarar farashin da ke tsakaninsu sai ka riƙe baki. Don haka tun kafin ka fara duba hotuna ka tsaya ka tambayi kanka, ɗaurawa za ka yi a hannu kana jin daɗin abinka, ko ajiya ce kake so ka sayar wata rana? Amsar nan ita za ta raba maka hanya.

Mu fara da Daytona tunda shi ne sarkin kasuwar. Abin mamaki lokacin da ake ƙera shi ba ya ma tafiya sosai, musamman mai fuskar nan ta daban da daga baya aka laƙaba wa sunan ɗan wasan fim ɗin Amurka Paul Newman, sai ya daɗe a shago ba mai taya shi. Rashin kasuwar nan ne ya sa ba a yi su da yawa ba, ƙarancin kuma ya dawo ya zama tsada. A watan Oktoba 2017 gidan gwanjo na Phillips ya sayar da ainihin na Paul Newman ɗin, mai lambar ƙira 6239, wanda matarsa Joanne Woodward ta ba shi, a kan dala miliyan 17 da dubu ɗari bakwai da ɗoriya a birnin New York. Daytona yana da abin da sauran ba su da shi, ko yaushe ka fitar da mai kyau akwai mai saye. Matsalar ita ce inda kuɗi ya yi yawa nan ƴan jabu suka fi ƙwarewa, fuska ɗaya tak tana iya ninka farashin agogon sau da yawa, shi ya sa aka fi yin jabunta, kuma Rolex ba ta ba mutum takardar tarihin agogo daga ma'ajiyarta yadda Longines da Patek Philippe suke bayarwa. Ni dai ra'ayina, wanda bai daɗe a harkar ba ko ba shi da ƙwararre amintacce a gefensa, ya bar tsohon Daytona mai wani da hannu tukuna ko da yana da kuɗin. In lallai sai Daytona, lamba 16520 da ya fito a 1988 da injin da aka samo daga injin El Primero na kamfanin Zenith ya fi sauƙin tantancewa kuma ya fi jure ɗaurawar kullum.

Sai Omega Speedmaster, nan ne nake ganin yawancin masu farawa ya kamata su tsaya su yi nazari da kyau. Ya fito a 1957, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, NASA, ta gwada shi ta amince da shi a 1965, kuma shi ne a hannun Buzz Aldrin da ya taka duniyar wata a 1969. Labari kam babu wanda ya kai shi. Amma Speedmaster kala biyu ne ga mai saye, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Akwai masu inji 321, irin su 105.003 da ake kira Ed White da 105.012 da 145.012, su ne na zamanin tafiye-tafiyen farko, injinsu yana da ƙaramin gargare mai ginshiƙai da ke sarrafa maballan, in ka danna za ka ji laushi, masu tara agogo su suke bi. Sai kuma daga 1968 aka koma inji 861 a lamba 145.022, an sauƙaƙa ƙirar don ya yi arhar haɗawa da gyara, kuma wallahi wajen aiki bai gaza ba ko kaɗan, an ci gaba da wannan ƙira shekaru masu yawa don haka kayan gyaransa suna nan kuma masu gyaran da suka san shi suna da yawa. Mai neman ajiya ya nemi 321 mai tsabta in aljihu zai ɗauka. Mai son ɗaurawa, 145.022 ya ishe shi, kuma shi ma ba ya wuyar sayarwa.

Sai dai kar sunan Speedmaster ya sa ka saki jiki. A Nuwamba 2021 an sayar da wani na 1957 a gwanjon Phillips sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kamfanin Omega da kansa ya saya don gidan tarihinsa, sai a 2023 Omega ta fito ta ce agogon haɗin gambiza ne, an tattaro sassa daga agoguna daban-daban an haɗa, har ta zargi wasu tsofaffin ma'aikatanta da hannu a ciki. Kaga idan abu ya wuce idon babban gidan gwanjo ya shiga gidan masu ƙera shi, to kai da ke kallon hoto a waya dole ka ninka hattara.

Heuer kuma ina son su har zuciya, Autavia na 1962, Carrera na 1963 da Jack Heuer ya fitar mai fuska fes ba tarkace, da Monaco mai kusurwa huɗu na 1969 wanda Steve McQueen ya ɗaura a fim ɗin Le Mans. Ɗaya daga cikin na fim ɗin an sayar da shi kusan dala miliyan 2.2 a Disamba 2020. Amma kasuwar Heuer darasi ce babba. Wajen 2016 zuwa 2017 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi, kowa na rububi, daga baya ya sauko, waɗanda suka saya a ƙololuwa da niyyar riba suka sha wuya. Ga mai saye yau wannan alheri ne don kana iya samun agogo mai tarihi a farashin da ya fi hankali. Abin lura kawai, masu injin Calibre 11, waɗanda za ka gane su da kan wani a gefen hagu, gyaransu ya fi wuya kuma ba kowane mai gyara ke son taɓa su ba, Carrera mai Valjoux ya fi kwanciyar hankali.

Shekarar 1969 ɗin nan dama ita ce aka yi tseren fitar da kuronogiraf mai wani da kansa, ɓangare ɗaya Heuer da Breitling da abokan haɗakarsu da Calibre 11, ɓangare ɗaya Zenith da El Primero mai bugu 36,000 a awa, can Japan kuma Seiko da 6139. Zenith A386 kyakkyawa ne ƙwarai kuma masu tarawa sun san darajarsa, tsadarsa ba wasa ba. Breitling Navitimer 806 yana da masoya cikin matuƙa jirgin sama, amma fuskarsa cike take da ƙananan rubutu, an sha sake fentin su, sai mai ido. Longines 13ZN na shekarun 1930 da 1940 injinsa na cikin mafi kyau da aka taɓa yi, sai dai agogo ne na lallaɓawa ba na yawo ba.

Wanda kuɗinsa bai kai can ba kada ya ji an bar shi a baya, Seiko 6139 agogo ne na gaske mai tarihi na gaske, Kanal William Pogue ya tafi da nasa mai fuska ruwan ɗorawa tashar sararin samaniya ta Skylab a 1973, shi ya sa ake kiran wannan kala da sunansa. Lambar da ke bayan murfin ma tana taimakawa, ta farko tana nuna shekarar da aka ƙera shi, ta biyu kuma watan. Amma fa a nan ma jabun fuska da jabun allurai sun cika kasuwa makil, da yawan waɗanda za ka gani suna sheƙi kamar jiya aka yi su sabbin kaya ne aka cusa a tsohon jiki, gara wanda ya ɗan kwana biyu a ido amma komai nasa ne. Haka nan akwai tarin agogunan Suwizalan na ƙananan kamfanoni masu injin Valjoux 7733 ko Landeron 48, suna da daɗin ɗaurawa, kawai ka sani ranar sayarwa sai ka yi haƙuri kafin mai so ya zo, kuma kuɗin sabis ɗaya na iya kusan kamo kuɗin da ka saye shi.

Maganar sabis ɗin nan mutane suna raina ta. Kuronogiraf sassansa sun fi na agogon yau da kullum yawa nesa ba kusa ba, gyaransa tsada, wani sashin ma an daina yin sa sai an samo daga mataccen agogo irinsa. Kafin ka biya ka sa a danna maka maballin a bidiyo, ya tashi, ya tsaya, sannan a mayar, ka ga ko duk allurai sun koma kan sifiri daidai, a bar shi ya yi tafiya ka tabbatar ƙaramar allurar minti tana matsawa gaba duk bayan minti ɗaya. Ka nemi hoton injin a buɗe ka duba tsatsa, don ta wajen maballan nan ruwa ya fi shiga, kuma tsohon agogo ko me aka rubuta a bayansa kar ka kai shi ruwa.

Daga nan sai fuska, wadda na ce nan kuɗin yake. Fuskar da aka sake wa fenti darajarta ta zube ko da ta fi kyau a ido. Sinadarin da ke haske da dare ya kamata launinsa a kan allurai da kan fuska su yi kusa da juna, in fuskar ta koma ruwan madara-madara allurai kuma fari tas, an canza su. Na shekarun 1960 zuwa 1990 galibi tiritiyom ne, za ka ga harafin T kusa da rubutun Swiss a ƙasa, kuma yanzu ya mutu ba ya haske, in ka ga yana ci bal-bal cikin duhu to sabo aka shafa. Waɗanda suka girme su kuma radiyom ne, wannan kar ka buɗe shi da kanka don ƙurarsa tana da illa ga lafiya. Jikin agogon ma a duba, yawan gogewa da inji yana cinye kaifin gefuna, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa. Wani abin takaici shi ne kai tsohon agogo sabis ba tare da ka yi gargaɗi ba, sai a cire maka tsofaffin allurai da zoben gefe a sa sabbi da niyyar gyara, alhali su ne rabin kuɗin. A Speedmaster misali zoben da ɗigonsa ke saman lamba 90 shi kaɗai kuɗi ne mai kauri. Ka faɗa a rubuce, a wanke inji kawai, kar a goge kar a canza komai na waje, duk abin da aka cire a dawo maka da shi.

Wajen saye kuma, gwanjo yana da kaya masu kyau amma ka lissafa ladan gidan gwanjon da ake ɗorawa a kan farashin da aka buga, a manyan gidaje yana kai kwatan farashin ko ma ya ɗan wuce, kuma in ka saya ka saya. Dillalin da ya yi suna zai fi tsada kaɗan amma yana da mutuncin da yake karewa kuma akwai damar mayarwa, ni shi na fi ba mai farawa shawara. Saye hannu da hannu daga wanda ba ka sani ba a intanet shi ya fi arha shi ya fi haɗari. Kwali da takardu suna ƙara daraja amma su ma ana yin jabunsu, agogon za ka fara tantancewa kafin takarda. Kuma kar ka auna da farashin da masu sayarwa suke rubutawa, ka nemi nawa aka saya a zahiri, don tun bayan hauhawar da kasuwar agogo ta yi zuwa farkon 2022 abubuwa sun lafa, masu tsabta na asali sun riƙe kansu, masu matsakaicin hali su suka fi jin jiki.

In ni za a tambaya, mai matsakaicin ƙarfi da ke son na farko ya nemi Speedmaster 145.022 da fuskarsa da alluransa na asali, ya ware kuɗin sabis a gefe tun ranar saye. Mai ƙaramin ƙarfi ya bi Seiko 6139 a hankali har ya samu wanda ba a taɓa ba. Wanda ya riga ya goge kuma yana son abin da ba a hannun kowa yake ba, Carrera na shekarun 1960 mai Valjoux 72 zan nuna masa kafin Daytona.