Kuɗinka Na Cikin 401(k): Wane Mai Ba Da Shawara Ya Dace Da Kai?

Ma'aikata da yawa a Amurka, in ka cire gidan da suke biya, babbar dukiyarsu ita ce abin da ya taru a asusun ritaya na wurin aiki, wato 401(k), ko 403(b) ga malaman makaranta da ma'aikatan wasu asibitoci. Sai dai kuɗin a kulle suke. Muddin kana aiki a wurin, galibi ba ka da ikon kwashe su ka damƙa wa wani ya juya maka, sai ka kai shekara 59 da rabi, shi ma in tsarin kamfaninku ya yarda. Su kuwa yawancin masu ba da shawarar kuɗi, abincinsu yana fitowa ne daga wani kaso na dukiyar da ke hannunsu. Abin da bai shiga hannunsu ba, ba su da rabo a ciki. Saboda haka kafin ka tambayi mutum iliminsa, fara tambayarsa ta ina ake biyansa.

Mafi araha shi ne abin da ke cikin tsarin tun asali. Kamfanonin da ke riƙe waɗannan asusai, irin su Fidelity da Vanguard da Empower, suna da layin waya da na'urar lissafi a shafinsu na intanet. Za su yi maka bayanin abin da ke akwai, amma da wuya su ce maka yi kaza. Akwai kuma asusun da ke ɗauke da shekarar ritaya a sunansa, kamar 2045 ko 2055, wanda ke rage hannayen jari yana ƙara takardun lamuni da kansa yayin da shekarar ke matsowa. Ga ɗan shekara 30 da ba shi da wata dukiya a gefe, a ganina wannan ya wadatar.

Wasu kamfanonin suna ƙara wani mataki: ka biya ɗan kaso a shekara, galibi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, a riƙa zaɓa maka cikin asusan da tsarin ya tanada. Amfaninsa yana rataye ne a kan bayanin da ka ba su. In ba ka shigar da albashin matarka ko mijinki, da bashin gida, da sauran ajiyarku ba, ka biya kuɗi ne kawai a kan abin da asusun shekarar ritaya zai yi maka da rahusa.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne wajen mai karɓar kaso. Abin da aka saba gani kusan kashi 1 cikin ɗari ne na dukiyar a duk shekara. A kunne kamar ba komai, amma a kan dala 300,000 dala 3,000 ke nan, kowace shekara, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan mutum galibi ba ya samun komai sai ranar da ka bar aiki ka mayar da kuɗin zuwa asusun ritaya na ƙashin kai, IRA, wanda zai riƙe. Ba lalle shawarar ta zama mugunta ba, don IRA na da zaɓi mai faɗi, kuma wasu tsare-tsaren ƙananan kamfanoni suna da tsada. Amma akwai abubuwan da ke tafiya da zarar kuɗin sun fita. Wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta, zai iya ɗiba daga 401(k) na wannan kamfanin ba tare da tarar kashi 10 cikin ɗari ta cire kuɗi da wuri ba. In ya kai su IRA, sai ya jira 59 da rabi. Dokar ERISA ta 1974 tana ba kuɗin cikin tsarin kariya mai ƙarfi daga masu bin bashi. Manyan kamfanoni kuma sukan samo wa ma'aikatansu farashin da mutum ɗaya ba zai samu ba. Duk wanda ya ce ka kwashe bai kawo waɗannan a teburin ba, ka san inda hankalinsa yake.

Mai cin kamasho, wanda ke sayar da inshora ko yarjejeniyar biyan kuɗi wata-wata har mutuwa, ba zan daɗe a kansa ba. Zaman farko kyauta ne, ladansa yana cikin kayan da zai sayar maka, kuma fita daga irin waɗannan yarjejeniyoyi da wuri yakan jawo tara mai zafi.

Wanda na fi ganin ya dace da mai kuɗi a kulle shi ne wanda ake biya a kan awa, ko a kan aiki ɗaya a gama, kamar lauya. Awa ɗaya kan kai ɗaruruwan daloli, cikakken tsari kuma ya haura dubu, kuma daga aljihunka za su fita kana gani, shi ya sa mutane ke jin zafinsu fiye da kason da ake zarewa shiru. To amma shi ba ruwansa da inda kuɗin suke zaune. Za ka kai masa jerin asusan da kamfaninku ya tanada, ya bi layi-layi da biro, ya nuna maka wanda ke cin kashi 0.05 cikin ɗari a shekara da wanda ke cin kashi 0.9 alhali kusan kaya ɗaya suka ɗauka. Ya duba ko kana zuba abin da zai sa ka kwashi duk ƙarin da kamfani ke yi a kan abin da ma'aikaci ya zuba. Ya auna maka tsakanin biyan haraji yanzu ta ɓangaren Roth da jinkirta shi. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambaye shi ko tsarin yana da ƙofar sayen wasu asusai daga waje, don ta nan ake kaiwa ga waɗanda suka dace da shari'ar Musulunci. Illarsa ɗaya: kai za ka shiga shafin ka danna da hannunka. In ka san kanka da ajiye takarda a aljihun tebur, ka sa wannan a lissafi.

Bukatar ƙwararre ta fi tsananta a shekaru goman ƙarshe na aiki. A nan ne ake yanke ko a fara karɓar Social Security, wato fanshon gwamnati, a shekara 62, ko 67 ga waɗanda aka haifa daga 1960, ko a daure zuwa 70 don kuɗin su ƙaru. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, yana farawa a 65, wanda ya ajiye aiki kafin nan dole ya san abin da zai rufe masa asibiti. Dokar SECURE 2.0 ta 2022 kuma ta kai shekarar fara cire kuɗi na dole daga asusun ritaya zuwa 73.

Ko wanne ka zaɓa, bincike shi a shafin BrokerCheck na FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannayen jari, kyauta ne, yana nuna tarihin aiki da ƙorafe-ƙorafe. Nemi takardarsa ta ADV, wadda ake miƙa wa SEC, hukumar tarayya mai kula da kasuwar hannayen jari, ko ta jiha, a ciki yake bayyana yadda yake samun kuɗi. Haruffan CFP bayan suna alama ce ta karatu da jarrabawa, ba su gaya maka farashi. Sannan ka ce ya rubuta maka cewa shi fidushiyari ne a kan duk asusanka kuma a kowane lokaci, ma'ana doka ta wajabta masa fifita maslaharka a kan tasa. In ya fara kewaye-kewaye, yi masa godiya ka nemi wani.