Tsaron hanyoyin sadarwa a CISSP: littafi, aji, ko CCNA tukuna?

A cikin sassa takwas na jarrabawar CISSP, wato shaidar ƙwarewa a tsaron bayanan kwamfuta da ƙungiyar ISC2 ke bayarwa, na huɗu shi ne tsaron hanyoyin sadarwa. Kashi 13 cikin ɗari ne kacal na maki, amma nan ne wanda ya shigo harkar ta ɓangaren binciken ƙa'idoji ko gudanarwa yake cijewa. Sai ka ga ya rikice, ya shiga neman abin saye. Kafin ka taɓa aljihu, amsa wa kanka tambaya ɗaya da gaskiya: ka taɓa haɗa suwici da rawuta (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci a netwok) da hannunka, ka ga fakitin bayanai ya tashi daga wannan kwamfuta ya isa waccan?

In ba ka taɓa ba, ina roƙonka kada ka fara da ajin horon gaggawa na kwana biyar. Kuɗinsa kan kai dubban daloli, kuma malami zai ratsa matakai bakwai na tsarin OSI (taswirar yadda bayanai ke tafiya a netwok) da IPsec (hanyar kare bayanai yayin tafiyarsu) da tsaron waya-fai cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya shekara biyar yana gyara netwok zai amfana ƙwarai, domin tsara masa abin da ya sani ake yi. Sabon shiga kuwa zai fito da littafin rubutu cike da gajerun haruffa, kansa fayau.

Ga irin wannan mutum, abin dubawa CCNA ne ko Network+, jarrabawa biyu na sanin aikin netwok. CCNA ta Cisco, mai lamba 200-301, dala 300 ce, ana yin ta cikin minti 120. Daɗinta shi ne ba ta barin ka da hadda. Dole ka raba adireshi, ka gina VLAN (wato ka ware ƙananan netwok a cikin babba), ka rubuta dokar da za ta hana wani sashe magana da wani, ta ƙi aiki, ka nemo dalili. Manhajar gwaji ta Packet Tracer kyauta ce ta makarantar Cisco ta intanet, don haka ba sai ka sayi na'urori ba. Aibinta kuma, za ka ɓata makonni kana haddar umarnin na'urorin Cisco waɗanda CISSP ba za ta tambaye ka ba. Network+ ta CompTIA ba ta jingina da kamfani ɗaya ba, ta fi sauƙi, ta fi saurin gamawa, sai dai hannunka ba zai ƙware kamar na mai CCNA ba. Ni dai, in akwai lokaci, CCNA nake zaɓa wa mutum, ko da ba zai zauna jarrabawar ba, karatun kawai zai yi.

Security+ fa, jarrabawar tsaro ta CompTIA? Mai lamba SY0-701 ta fito a Nuwamban 2023, tambayoyi ba su wuce 90 cikin minti 90. Tana da kyau wajen sanin harshen masu tsaro, amma ba ta nutsa cikin netwok sosai, ba za ta cike wannan giɓin ba.

Wanda kuma ya riga ya goge, littafi ya ishe shi. Jagoran karatun CISSP na hukuma da kamfanin Sybex ke bugawa ya ware babi na 11 da na 12 ga wannan sashe. Ka tabbata bugu na 10 ka saya, domin an sabunta manhajar jarrabawar a Afrilun 2024. Tsohon bugu mai araha zai bar ka a baya. Abin da gogagge ke bukata shi ne sauya tunani: CISSP ba ta damu da yadda ake buga umarni ba, tana son ka san dalilin da ya sa ESP, ɗaya daga hanyoyi biyu na IPsec, ke ɓoye bayanai alhali ɗayan, AH, tabbatar da ingancinsu kawai yake yi, da lokacin da ya dace a raba netwok gida-gida don kada ɓarawo ɗaya ya shiga ko'ina. Bidiyo na taimakawa a kan hanya ko cikin cunkoso, amma kallo yana sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba.

Akwai hajar da nake so ka guje mata gaba ɗaya: tarin tambayoyin da ake tallatawa a Telegram da sunan wai su ne ainihin na jarrabawa. Amfani da su ya saɓa wa yarjejeniyar da kake sa wa hannu, yana iya jawo a ƙwace maka shaidar. Ga shi jarrabawar tana bin amsarka ne tana zaɓo tambaya ta gaba, tsakanin 100 zuwa 150 cikin awa uku, kuma ba a komawa baya a gyara.

Ko wace hanya ka bi, sauke Wireshark, manhajar da ke nuna bayanan da ke wucewa a netwok, kyauta ce. Buɗe shafin da ba shi da kariya, ka karanta abin da ya wuce ƙarara, sannan ka buɗe mai kariyar TLS 1.3 (tsarin da ke ɓoye bayanan shafin intanet) ka ga yadda komai ya rufe bayan gaisuwar farko. Kada ka biya kuɗin CISSP, dala 749, sai ranar da za ka iya yi wa abokin aikinka bayanin abin da ka gani a allon nan ba tare da duba littafi ba. In an faɗi a zama na farko, sai an jira kwana 30 kafin a sake.